Ɗakin Inna da Kuɗin Hanya

Duk wanda ya san ni a Gure ya san ni da baki. Tun ina saurayi ba a taka ni in yi shiru. Na yi faɗa da mahauta a kan tsoka, na yi da masu awo a kan bakin mudu, har gardi, dogarin Nasara, na taɓa zagi a tsakiyar kasuwa aka kwantar da ni aka tsula mini bulala, na tashi na ƙara masa wani. Jikokina yanzu suna ce mini tsoho mai masifa, ni kuwa ban musa ba. Amma rana ɗaya tak da bakin nan zai yi mini amfani, ranar na rufe shi ruf. Labarinta zan bayar, don na gaji da ɗaukarsa ni kaɗai.

Abin ya faru 'yan shekaru kafin yaƙin Nasara na biyu, wanda aka kwashi samarinmu. Lokacin ina da shekara talatin ko kusa da haka, da matata da 'ya'ya biyu ƙanana, sai mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna. Mahaifina ya daɗe da rasuwa. Gidanmu yana yammacin gari, daidai inda hanyar Damagaram take shigowa. Da can hanyar raƙuma ce da takarkarai, ba ta dami kowa ba. Sai Nasara suka ce mota za ta bi. Ƙasarmu kuwa rairayi ce, mota ba ta iya shi sai an shimfiɗa kaba, an jera duwatsu, an zuba jar ƙasa a kai an daddaɓe. Da wuyanmu muka ɗauko duwatsun nan daga tsauni, ba wanda ya ba mu ko tamma.

Da hanya ta miƙe sai ga 'yan kasuwa daga Damagaram da Kano. Aka ba su fili a bakinta, suka gina kantuna na laka masu ƙyauren katako da kwaɗo. Kamyo ɗinsu, wata ƙatuwar motar kaya mai tari kamar tsohon doki, takan zo sau biyu a wata ta sauke tufafi da sukari da kananzir, ta ɗauki kanwa da fatu. Duk zuwan da za ta yi sai ta farfasa hanyar. Ga raƙuman da ke kawo musu kaya suna durƙusawa a tsakiyarta suna tone duwatsun.

Wata ranar kasuwa mai shela ya zaga da ganga. Ya ce kumandan, wato Nasaran da ke mulkin ƙasar daga bariki, ya kafa doka: duk wanda zai ta da sabon gini kusa da hanya sai ya biya kuɗin hanya kafin ya fara, ko kuwa ya yi kwana ashirin yana aikin gyaranta. Dalili, in ji shi, sabon gini shi ke jawo mota da dabbobi, su kuma su ke kashe hanya. Wallahi ni da bakina na ce wannan hukunci ya yi. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Muka yi ta yi wa masu kantuna dariya, ni har tsayawa nake ƙofar wani ina tambayarsa ko ya kai wa Nasara gaisuwarsa. Washegari wani gardi ya zo da doguwar igiya yana awo daga bakin hanya, duk gidan da igiya ta kai ya shiga dokar. Ta wuce gidanmu har da saura, ban ma damu ba, tunda ni ba kanti zan gina ba.

Ba a yi kwana goma ba dariya ta koma ciki. Maƙwabcina, wani bawan Allah mai saƙar tabarma, ya kira mu mu taya shi ɗora sabuwar jinka a bukkarsa. Mun ɗaga ke nan sai ga gardi biyu. Ɗayan ya ce ina takardar kuɗin hanya? Mai tabarma ya ce ai ɗakin ubansa ne, a nan aka haife shi, kai kawai yake sake masa. Gardi ya ce, “In ka sauke tsohon kai ka ɗora sabo, ka yi sabon ɗaki. Haka aka ce mana.” Suka sa mu da hannunmu muka sauke jinkar, suka tattake ta, suka tasa shi gaba zuwa aikin hanya.

A nan muka gane inda aka sa mu. Ɗakunanmu ba irin na 'yan kasuwa ba ne. Kara ne da ciyawa da itace, shekara biyu, in ta daɗe uku, gara ta gama da su sai a sake. Mai kanti zai biya sau ɗaya ya zauna cikin lakarsa har jikokinsa. Mu kuwa, da ko jaki wasunmu ba su da shi balle mota, mu ne za mu yi ta biya shekara bayan shekara.

Ni abin ya fi taɓa ni a kan kowa, saboda ɗakin Inna. Shekararsa uku ba a taɓa shi ba, don shekarar da ta gabata fara ta cinye gero, ba mu sami kara ba, ciyawar ma dabbobi aka bar wa. Itatuwan da ke riƙe da jinkar gara ta cinye cikinsu, in ka latsa da yatsa sai gari ya zubo. Gefen gabas, inda ruwa ke bugowa, ya lotsa. Tun kaka na tanadi komai. Na je kwari, tafiyar rabin yini, na yanko ciyawa na yanta ta, na saro itace, na tufka igiyar kaba, duk na jingine su jikin rumbu a tsakar gida. Da tun lokacin na yi aikin da shi ke nan. Amma mu sai bazara muke jinka, don kada iskar rani ta wargaza ta, awaki su zazzage ta kafin ruwa ya sauka. Haka ubana ya yi, haka na yi.

Sai na faɗi wace ce Inna, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga kan 'yan yanzu ba. Ni ne ɗanta na fari, ita kuma mutuniyar da ce. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallon tsabar idona ba. In tana da magana da ni, ina zaune a gabanta za ta juya wajen matata ta ce, “'Yar nan, gaya wa mutumin gidan nan gero ya kusa ƙarewa.” Jikokina in na ba su wannan labari dariya suke yi. A wurinta kuwa wannan kunya ita ce mutuncinta, ta fi son ta rasa abinci da ta rasa ta. Na san tana ƙaunata. In na kwanta zazzaɓi ita ke dafa mini saiwa, amma a bakin danga take ajiyewa ta tafi. Zancen ɗakinta ko sau ɗaya ba ta yi mini ba. Iyakaci in ta fito da safe ta kakkaɓe garin gara daga mayafinta, ta ce wa akuyarta, “Ɗaki ya tsufa, mai shi ma ta tsufa.”

Gari ya ɗauki ƙorafi, mata a bakin rijiya, maza a gindin bishiya, har labari ya kai bariki. Kumandan na lokacin sabon zuwa ne, saurayi siriri mai tabarau. Ya aiko ta bakin sarki cewa ranar Talata kowa ya zo ƙofar bariki, yana so ya ji abin da ke damun mutane game da kuɗin hanya. In faɗi gaskiya, ba wani Nasara da ya taɓa tambayarmu abin da ke damunmu kafin shi.

Ranar Litinin bayan la'asar muka taru a ƙofar bulama, wato mai unguwarmu, don a zaɓi wanda zai yi magana da yawunmu. Ba a ma yi gardama ba, aka ce dattijon da ya fi kowa shekaru da iya zance. Wannan dattijo kuwa surukina ne, mahaifin matata. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, ya sha raba rigimar gona da ta aure ba tare da ya ɓata wa kowa ba. Amma in ya fara magana sai ya zaga da kai har Kelle kafin ya dawo da kai gida. Ni ba na iya yi masa magana kai tsaye a cikin taro, don haka na matsa kusa da bulama na ce, “A gaya wa Baba magana ɗaya ce. Bukkar kara ba ta jawo mota, kuma mu duk shekara biyu muke sake ta. In ya faɗi haka ya gama.” Bulama ya isar. Surukina ya shafa gemu ya ce, “Ku yara ba ku san mai mulki ba. Ba a shiga masa ta ƙofar gaba. Ku bar mini.”

Talata da hantsi muka cika ƙofar bariki. Kumandan yana zaune a inuwar baranda, tebur a gabansa da takarda da agogo. Sarki yana gefensa, tafinta a tsaye. 'Yan kasuwa suka ware gefe guda a kan buzayensu, mu muka zauna a rana.

Wanda ya fara tashi wani ƙato ne mai kantin tufafi, mutumin Damagaram. Gaisuwa ɗaya ya yi, sai ya ce, “Kumandan, na biya na kantina. Yanzu zan ƙara ɗakin ajiya a baya, ƙofarsa ba ta kallon hanya. Shi ma sai na biya?” Tafinta ya juya. Kumandan ya yi masa tambaya biyu, ya ɗan yi tunani, ya ce a'a, wannan ba sai ya biya ba, ya duƙa ya rubuta. Shi ke nan, mutumin ya zauna. Mu kuwa muka dinga kallon juna muna taɓe baki, wai wannan ba shi da tarbiyya, ya yi wa mai mulki magana kamar yana cinikin goro. Ni ma ina cikin masu taɓe bakin.

Sai surukina ya miƙe. Ya gaida kumandan da kwana, da gajiya, da zafin ƙasarmu, da iyalinsa na can ƙasarsu, har dokinsa bai bari ba. Ya yi godiya a kan hanya, ya ce da can sai mutum ya yi wasiyya kafin ya tafi Damagaram, yanzu ga ta a miƙe. Haka ake yi a wurinmu, sai ka jiƙa ƙasa kafin ka yi shuka. Tafinta yana juyawa, kumandan yana murmushi yana rubutu. Can sai tsohon ya kawo misali. Ya ce wata giwa ce ta ratsa ta gonar sarki ta tattake gero, da gari ya waye masu gadi suka zo ba su tarar da kowa ba sai ɓera a bakin raminsa, suka kama shi suka ce shi zai biya. Mu duka mun gane, ko'ina sai “Haka ne, haka ne.” Kumandan ya yi dariya, ya ce labarin ya yi daɗi, amma me dattijo yake so a yi? Surukina ya russuna ya ce, “Allah ya ba ka nasara, kai ne uba. Uba ya san ciwon ɗansa ba sai an faɗa masa ba.” Ya koma ya zauna, fuskarsa cike da jin ya gama aiki.

Tafinta ya saurari kumandan, ya juyo ya ce, “Ya ce ya gode. Ya ce shi ya sa ya ɗora wa masu sabon gini kuɗi, don giwa ta biya ɓarnarta, kuma ya ji daɗi da kuka yarda.” Tafintan nan ya san sarai abin da tsohon yake nufi. Amma shi ba ɗan garin ba ne, kuma ɗakinsa na laka ne a cikin bariki.

Daga nan kumandan ya dubi agogo, ya ce a tambaya ko akwai mai sauran magana. Tafinta ya tambaya, shiru. Ya sake, shiru. Ni ina zaune daidai bayan surukina, ina kallon ƙeyarsa da gumin da ya jiƙa gindin rawaninsa. Maganar tana bakina a shirye, ba ta fi numfashi biyu ba. Har na dafa ƙasa zan tashi. Kumandan ya gan ni, ya nuna ni da alƙalami. Tafinta ya ce, “Kai mai baƙar hula, da magana?”

Duk taron ya juyo, ban da surukina, shi bai ko motsa ba. In na tashi bayan ya zauna, na gaya wa sarki da bulama da gari duka cewa tsohon bai iya ba, sai da mijin 'yarsa ya gyara masa. Mutumin da ko takalmi ba na wucewa da shi ta gabansa, wanda ya ba ni 'yarsa lokacin ba ni da komai sai fartanya. Na ji kaina ya yi nauyi. Na ce, “Babu, ranka ya daɗe. Baba ya gama magana.” Kumandan ya rufe takardarsa ya shige ciki.

Ana cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ni na ɓoye tawa, kuma na sani tun kafin in bar wurin. A hanya mutane suka yi ta sa wa surukina albarka, wai ya yi magana irin ta manya, Nasara zai kwana yana tunaninta. Ni na shiga gida na tarar da tulu a bakin ƙofa, na shure shi ya fashe, na hau matata da faɗa a kan me ya sa ta ajiye shi a nan. Ta duƙa ta tsince gutsattsarin. Har yau ina jin kunyar wannan.

Da kwana uku suka wuce doka tana nan, na tafi bariki ni kaɗai, yanzu bakina ya buɗe. Gardin ƙofa ya ce, “Ranar magana ta wuce. Takarda ta tafi Damagaram, an rubuta mutanen Gure sun yarda.” Na ce a bar ni in ga kumandan, ya ƙi. Na zage shi ta uwa ta uba, ya sa gindin bindiga ya buge ni a kafaɗa. Ihu bayan hari ke nan, na dawo ina riƙe da hannu.

Na nemi biya da kuɗi. Lokacin ba a daɗe da karɓar lampo ba, harajin kai, garin ya bushe ƙarƙaf. Na ja tunkiyata guda ɗaya zuwa kasuwa, Inna ta sa matata ta biyo ni da akuyarta. Abin da aka taya su biyun bai kai rabi ba, na koro su gida.

Na ce wa matata ta roƙi Inna ta koma ɗakinmu ta zauna da ita da yara, ni in riƙa kwana a rumfa. Ina bayan danga na ji amsar. “In kwana a ɗakin da mutumin gidan nan yake kwana? 'Yar nan, ban lalace haka ba tukuna.” Na ce to a kai ta Kelle wurin ƙanwarta har damina ta wuce. Ta ce mijinta a Gure yake kwance, ita ma ba inda za ta.

Sai na ƙudura in yi aikin a ɓoye, abin da zai faru ya faru. Gidanmu daga kan hanya ake hango shi, gardi kuma kullum sai sun wuce, amma na ce ko sun kama ni ai ta riga ta sami inuwa. Na manta yadda aka tattake ta mai tabarma. Ina warware igiya a tsakar gida sai Inna ta fito, ta tsaya ta ba ni baya, ta ce wa matata, “Gaya masa in aka ɗaure shi a kan ɗakina, ban yafe ba.” Ban taɓa jin wannan kalma daga bakinta ba sai ranar. Na mayar da igiyar na naɗe.

Abin da doka ta bari shi ne faci. Na jira ta tafi gidan suna, na hau na ƙara ciyawa a inda ya lotsa, na shiga ciki na tokare da itace mai baki biyu. Ciyawar da na ƙara ma nauyi ta ƙara wa ruɓaɓɓun itatuwan, ina ji suna ƙara.

Saura aikin kwana ashirin. Hadari ya riga ya fara haɗuwa, in na tafi kafin ruwan farko ba mai yi mini shuka, kuma wanda ya rasa ruwan farko a ƙasarmu ya san abin da zai ci. Na yi lissafi irin na manomi: in yi shuka, in tafi, in dawo kafin ruwa mai ƙarfi, tunda yawanci bayan ruwan shuka sama takan ɗan huta. Ruwa ya sauka, muka yi shuka kwana uku ni da matata, rana ta huɗu na kai kaina bariki aka rubuta ni.

Da safen da zan tafi na tarar da Inna a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Na durƙusa nesa kaɗan na ce, “Inna, zan tafi.” Ba ta ɗago ba. Ta ce, “'Yar nan, miƙa masa ƙullin nan.” Dabino ne da garin gero. Ta ce, “Ce masa ya riƙa rufe ƙirjinsa, kuma ya riƙe bakinsa a gaban mutanen nan. Allah ya tsare.” Na ce amin, na tashi.

Aka kai mu yamma da gari, tafiyar yini biyu, inda rairayi ya binne hanya. Aikin dai shi ne wanda na sani, sare kaba, ɗauko dutse a ka, daɓe. Sau biyu kamyon masu kantuna ta zo ta kafe, mu muka tura ta, direba yana zaune yana cin goro. Na riƙe bakina kamar yadda aka ce mini. Rana ta goma sha biyu da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, daidai wajen Gure. Aka yi kwana uku ana ruwa, in ya tsagaita sai ya dawo da iska. Tsofaffin da ke cikinmu suka ce ba su taɓa ganin irinsa da wuri haka ba. Na je wurin babban gardi na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa wa gardi ba, na ce tsohuwata tana cikin ɗakin da ba zai ɗauki wannan ruwa ba, ya bar ni in je in dawo. Ya ce hanya a buɗe take, amma in na tafi kwanakin da na yi sun zube, sai in faro daga ɗaya. Saura kwana shida. Na ce a raina matata tana nan, maƙwabta suna nan, ba za su zuba ido ba. Na zauna.

Na shigo gari da azahar, takarda mai hatimi tana cikin hulata. A bakin rijiya matan da suka saba tsokanata suka sunkuyar da kai, ba wadda ta ce mini sannu da zuwa. Daga nesa na hango tabarmi a shimfiɗe ƙofar gidana, surukina yana zaune da bulama da mai tabarma. Na tsaya. Surukina ya ce, “Sai haƙuri. Yau kwana huɗu. Mun aika, ɗan aike ya tarar da kwari ya cika, ya dawo.”

Matata ce ta ba ni labarin. Tun ruwan ranar farko gefen gabas ya rufta, itacen da na tokare ya zame. Ta ruga ta tarar da Inna a takure a ɗan gefen da ya rage, ta kifa ƙwarya a ka, ruwa yana bin bayanta. Ta roƙe ta ta koma ɗakinmu, ta yi kuka, ta ce ai mai gidan ba ya nan, ɗakin ba kowa sai yara. Inna ta ce ko ba ya nan ɗakinsa ne. Matar mai tabarma ta ce to ta zo nasu, amma nasu ma a buɗe yake, su da 'ya'yansu a ƙarƙashin zana ɗaya suke. Haka ta yi kwana biyu a jiƙe. Rana ta uku ƙirjinta ya kama, jiki ya yi zafi, ta daina gane mutane, sai a lokacin suka ɗauke ta suka kai ta ɗakinmu. Kafin ta cika ta farfaɗo sau ɗaya, ta dubi sama, ta dubi bango, ta ce, “'Yar nan, ɗakin wane ne wannan?” Matata ta ce na bulama ne. Inna ta ce, “To, madalla,” ta rufe ido.

Ban yi kuka a gabansu ba. Na zaga bayan rumbu na zauna a ƙasa, na yi ta yi har muryata ta dushe. Na ji haushin Nasara, na ji haushin tafinta, na ji haushin Inna ma, Allah ya yafe mini. Amma duk inda na juya sai in dawo kaina. An nuna ni da alƙalami, an tambaye ni, na ce babu. Surukina har ya koma ga Allah yana ganin ya yi magana mai kyau ranar, Nasara ne kawai ba shi da tausayi. Ban taɓa gaya masa komai ba, kuma ban gaya wa 'yarsa ba.

Bayan sadakar bakwai na fito da takardar na nuna wa gardin da ke wucewa, na ce zan ta da ɗaki. Bulama ya ce, “Don wa kuma?” Na ce na biya, sai na yi. Suka ga idona, suka ƙyale ni. Na share ruɓaɓɓen ɗakin, na kwanto kayan daga jikin rumbu. Ciyawar ta waje ce kawai ta jiƙe, ta ciki tana nan da ƙamshinta. Ranar farko na kafa itace na ɗaure, na zagaya da kara. Rana ta biyu maƙwabta huɗu suka zo, kafin azahar mun ɗora jinka. Aikin ke nan gaba ɗaya, yini ɗaya da rabi.

Da suka watse matata ta shiga ta share, ta zuba sabon rairayi. Ta fito ta ɗauko tabarma, ta tsaya da ita a bakin ƙofa, ta ce, “Malam, wa zai kwana a ciki?”